Tsohon Babur a Hannun Sabon Mahayi

Ina gaishe ku duk inda kuke, na cikin Garwa da na ƙauyuka, na rugage da na bakin iyaka, daga Gashiga zuwa Turuwa, daga Gidar zuwa Ngong, da 'yan'uwanmu na Yola da Mubi, da na Cadi da ke kama mu. Makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa yana bin shanu, sannu da kiwo. Ɗan kasuwar da ke zaune yana jiran a sauke masa kaya, Allah ya kawo kasuwa.

Yau maganarmu a kan tsohon babur ce. Gidaje da yawa akwai shi, yana jingine bayan rumbu ko gindin darbejiya, kaji suna kwana a kansa. Yaro ya tasa ya zama saurayi, sai uba ya ce bari a tada wannan a ba shi, ya riƙa kai nono gari, ya ɗauko gishiri da kanwa da abincin dabbobi na angurya, ya kai mahaifiyarsa asibiti in ta kama. Wani kuma ba shi da shi a gida, saye zai yi a hannun wanda ya gaji da shi. Niyya ce mai kyau, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Amma tsoho ne zai haɗu da sabon hannu, kuma a nan ne ake samun matsala.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada ku ce mai magana a rediyo bai san zafin abin ba. Shekarun baya yayana ya kai bijimi kasuwar Adumri ya sayar, ya saya wa babban ɗansa tsohon babur a hannun wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, a nan Garwa. Ragowar kuɗin aka ba yaron aka ce ya kai gyara. Bayan kwana huɗu sai ga shi ya dawo, babur yana ƙyalli. An yi jan fenti, an liƙa hotuna ko'ina, an sa hon mai kukan babbar mota, an fasa salansa tana ƙara ana ji daga unguwa uku. Na zagaya shi, na kama hannun birkin gaba na ji shi sakwaf, babu waya a ciki. Na tambaya, yaron ya ce ai bakaniken ya ce birkin gaba kayar da mutum yake yi, gara babu. Na duba tayar baya, ta suɗe kamar tafin hannu. Na gani da idona, amma ganin murnar yaron da ta ubansa sai na ce Allah ya sa alheri, na yi shiru. Wannan shirun har yau yana damuna.

Ba a yi wata guda ba, wata Lahadi yana dawowa daga kasuwar Pitowa dab da magariba, garken shanu ya fito titi. Ya taka birkin baya iya ƙarfinsa, taya ta ja, babur ya juya da shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye a wuri biyu. Daminar nan bai riƙe garma ba, bai bi shanu ba, kuma sai da aka ƙara sayar da karsana kafin a gama jinya. Bijimi ya tafi, karsana ta bi shi, saboda wayar birkin da kuɗinta bai kai na fentin ba.

To, abin da nake so ku riƙe daga maganar yau ke nan: kuɗin gyara yana da layi. Takarda tukuna, sai ƙashin babur, sai abin da ke tsayar da shi, sai inji. Ado a ƙarshe, in an samu saura. Kuma duk canjin da za a yi wa babur ɗin ɗan koyo, a yi shi don ya ƙara masa biyayya. Gudu zai zo da kansa, ba sai an saya masa ba.

Mu fara da takarda. Ku makiyaya kun fi kowa sanin cewa ba a sayen sa a hannun wanda ba a san garkensa ba, domin ranar da mai shi ya zo ya ga shaidarsa, kai ne ɓarawo. Babur ma yana da shaida. Akwai lamba a jikin ƙarfen wuya, nan ƙasan kai, akwai wata a jikin inji. Ka goge wurin da tsumma da kananzir, ka karanta da kanka ko ka sa ɗan makaranta ya karanta maka, ka gwada da abin da ke rubuce a kat giriz, wato takardar mallaka. In ka ga an kankare lambar, ko an sake buga ta haruffa sun karkace, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka. In komai ya dace, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi.

Mu nan tsakanin ƙasa uku muke zaune. Babur ɗin da aka saya a Mubi ko Jimeta, takardunsa na Najeriya ba su mayar da shi ɗan Kamaru ba. Sai ya bi ta duwan, wato kwastan, an biya abin da ake biya, sannan a yi masa kat giriz da lamba. Arahar da ka samu a can kana iya biyan ta ninki a shingen jandarma. Abin da ya fi wannan muni, yaron da ya san babu takarda a aljihunsa shi ne ke hango shinge ya bar titi ya faɗa hanyar daji da gudu, ko ya jira dare ya kashe fitila. Rashin takarda ma yana karya ƙafa. In kuma kilando za a yi da shi, ku sani akwai dokar da Firayim Minista ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba 2008, wadda ta ce mai haya da babur sai ya kai shekara 18, yana da farmi, wato lasin tuƙi mai harafin A, da inshora, da hular kwano.

Wane irin babur ne ya dace da ɗan koyo? Mai ƙaramin inji, lamba 100 ko 125, ya ishe shi. Akwai na Indiya irin su Bajaj Boxer da TVS, akwai na Sin irin su Sanili da Nanfang da Haojue. Da yawa daga cikin na Sin ɗin nan injinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Labarinsa ya shafe mu. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya suka ga yadda talaka ke amfani da babur: a ɗora mutum uku ko huɗu, ba a juye sai baƙin mai ya lalace, ba a zuwa gareji sai ya ƙi tashi. Suka koma Japan suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure wannan riƙon. Shi ya sa har yau kusan kowane bakanike daga Ngawundare zuwa Marwa ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna kowace kasuwa. Wannan shi ne ma'auni: ka zaɓi wanda in ya lalace a Poli ko Barndake za a samu abin gyara shi a nan, ba sai an aika Yola ba. Tsofaffin nan masu farin hayaƙi, irin Suzuki da Jincheng masu shan man inji tare da fetur, suna da sauƙin gyara, amma ƙarfinsu fizga yake zuwa. In akwai zaɓi, a ba ɗan koyo wanda ƙarfinsa ke zuwa sannu-sannu.

Yanzu ƙashin babur, wato shasi. A kasuwar shanu ba ƙiba kaɗai kuke dubawa ba, kuna duba haƙori da kofato da tafiya. To a cire kujera, a cire tanki, a wanke laka. A duba wuya, a duba ƙarƙashin kujera, a duba inda shokozoba ta kama. Babur ɗin da ya shekara yana jigilar jarkoki ko buhunan masara a nan yake tsagewa. In ka ga walda a wuya, ka haƙura da shi, domin ranar da wurin ya saki a kan gudu babu gyara. Sai ka sa wani ya tuƙa a miƙe a kan ƙasa mai laushi, kai ka tsaya a baya. Tayar baya ta taka sawun ta gaba. In ka ga sawu biyu, ƙashi ya karkace, kuma irin wannan babur kullum yana jan mahayi gefe guda. Gwani yana gyara wannan da jikinsa bai ma sani ba, ɗan koyo kuwa sai ya ɗauka shi ne bai iya ba.

A ɗaga tayar gaba sama, a juya kai dama da hagu. Ya tafi sumul. In yana maƙalewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya ci, a canza a sa giris. A kama tayar baya a girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, ko boris ɗin wili ne ko robobin ƙarfen da ke riƙe da ita. Waɗannan ƙananan abubuwa ne masu araha, amma su ne ke sa babur ya riƙa lilo a cikin yashi.

Mu zo kan birki, kuma a nan zan daɗe. Maganar da ake yi cewa birkin gaba yana kayar da mutum ta jikkata yara da yawa. In ka kama birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sauƙi. Saboda haka a kan kwalta ko busasshiyar ƙasa mai tauri, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Wanda ya cire shi ya zubar da fiye da rabin birkinsa. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafkar sa gaba ɗaya lokaci guda, musamman a kwana ko a kan tsakuwa. Maganin wannan koyo ne: a matsa a hankali sannan a ƙara, kamar yadda ake tatsar nono, ba a fizga.

A buɗe wili biyun duka. A sa sababbin takalman birki, kada a ce na ciki da saura. In mai ko giris ya taɓa su, wanki ba ya mayar da su, a yar. A goge kwanon da suke gogawa a ciki, a tsabtace sandar da ke buɗe su a shafa mata giris kaɗan don ta riƙa komawa. A sa sabuwar waya. Hannun birki ya yi wasa kamar santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa kamar 2 zuwa 3. Kuma a daidaita hannun da tsawon yatsun yaron, ya iya kamawa ba tare da ya saki kai ba.

Ga lissafi kaɗan, ku 'yan kasuwa kun iya shi. Mai gudun kilomita 60 a awa, cikin daƙiƙa ɗaya yana cin kusan mita 17. Ke nan kafin ido ya ga saniya, zuciya ta yanke shawara, hannu ya kai ga birki, ya riga ya ci wannan tazarar. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ba ma son a ƙara wa ɗan koyo gudu.

Birki kuwa ba shi ke taɓa ƙasa ba, taya ce. Kowace taya ana buga mata ranar haihuwa a gefe, lamba huɗu cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ba, balle a zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Tayar da ta wuce shekara biyar, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ko da zanenta yana nan, ba ta ɗan koyo ba ce. A sa sababbi masu zurfin zane da za su kama yashi da laka. A canza robar iska ta ciki, kada a bar mai faci goma, don ƙayar aduwa ba ta da tausayi. A ƙwanƙwasa sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana, wanda ya yi amon da ya bambanta ya saki, a ɗaure shi. Kuma a gaya wa mai faci ya auna iska. Masu dakon kaya suna bugawa har taya ta zama dutse, amma tayar gaba mai tauri haka zamewa take yi a kan tsakuwa.

Sai yanzu muka iso inji, wanda yawancin mutane da shi suke farawa. Kada a buɗe shi sai an saurare shi. Ka danna kik da ƙafa a hankali. In ka ji yana turjiya, da sauran ƙarfi a ciki. In ya wuce salin-alin, ko ringi ya ci ko bawul ba ya rufewa. A tada shi a duba hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa, a duba kafireta da matatar iska. A cire fulogi a duba bakinsa: lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake, kamar soyayyar gyaɗa. Sau da yawa babur ɗin da aka ce ya mutu, wanke kafireta da sabon fulogi da daidaita bawul kawai yake jira. A injin irin na CG, tazarar bawul milimita 0.08 ce in inji ya huce, ta bakin fulogi kuwa 0.6 zuwa 0.7. Akwai siraran ƙarafan awo da ake aunawa da su. Bakaniken da ya ce shi da kunne yake aunawa, ka ce masa kai dai kana son ka ga an auna.

In dole sai an buɗe, a gyara shi ya koma yadda masu shi suka yi shi. Idan bulo ya ci, ana rarake shi mataki-mataki, 0.25 sannan 0.50 har zuwa sama, a sa fistin daidai da shi. A tsaya a matakin da ya wadatar. Za a ba ka shawara a ɗora bulo na 150 a kan injin 125, wai ya ƙara ja. Ka ce a'a. Ka ƙara wuta ne a kan tsohon kuloci da tsohuwar sarƙa, ka kuma ba yaro abin da ya fi hannunsa.

Baƙin mai kusan lita ɗaya irin wannan inji ke sha. A sayi na cikin rufaffiyar roba, a bar wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen galan. A injin irin na CG akwai 'yar rariya a bayan murfin da ake juye ta nan, a fito da ita a wanke. Matatar iska kuwa kada a kuskura a cire ta. Wasu suna cirewa wai babur ya sha iska. Ƙurar hunturu da ke rufe Kogin Binuwai har ba a hango ƙetare, ita ce za ta shiga ciki ta cinye ringi kamar ana goga shi da yashi. In ta soso ce, a wanke, a bari ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse.

Sai tanki. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu zuwa-zuwa muke sha, man kwalba na bakin hanya. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 tsadarsa ta taɓa kowa a nan, kuma man da ya bi jarka ya bi kwalba ba ya rasa datti ko ɗigon ruwa. A wanke tsatsar cikin tanki, a sa 'yar matatar mai a jikin tiyo tsakanin tanki da kafireta. Kuɗinta kaɗan ne, amma ita ce za ta hana babur mutuwa a tsakiyar titi lokacin da tirela ke tafe a baya. In an yi sabon ringi, kilomita 500 na farko a tafi a hankali, ba kaya, ba dogon gudu, sannan a yi juye. Kun ga wannan ya yi daidai da lokacin koyon yaro. Inji yana koyo, mahayi yana koyo.

To wane canji ne ya halatta? Akwai guda biyar da nake ba da shawara.

Na farko kujera. Yaro ya zauna ya sa ƙafa biyu a ƙasa. In da ɗan yatsa yake taɓawa, a kai wa mai ɗinkin kujera ya rage soso kamar santimita 2 ko 3. Yawancin faɗuwar ɗan koyo a tsaye take faruwa, ko wajen juyawa a cikin kasuwa.

Na biyu haƙoran sarƙa. Akwai ƙaramin faifai mai haƙora a jikin inji, akwai babba a tayar baya. Samari suna ƙara na gaba don gudu. Kai ka yi akasin haka. In na gaba mai haƙori 15 ne, ka sa mai 14. Gudu zai ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari, amma babur zai tashi cikin sauƙi, ba zai riƙa mutuwa a hannun mai koyon sakin kuloci ba, kuma zai fi jan yashi da hawa. A canza sarƙa da faifan biyu tare, domin tsohon haƙori cinye sabuwar sarƙa yake yi. A bar mata wasa kamar faɗin yatsu biyu.

Na uku totur. Bakanike yana iya sa ɗan abin tokare a saman kafireta yadda ko an murɗa duka ba za ta buɗe gaba ɗaya ba. Bayan wata biyu ko uku, in hannu ya faɗa, a cire. Ɗan maraƙi ma da dabaibayi ake fara masa.

Na huɗu ƙarfen kare ƙafa a gaban inji, da murfin sarƙa. Wannan murfin da ake cirewa a yar wai yana ƙara, a nemo shi a mayar. Mu masu manyan riguna ne, matanmu masu zane da mayafi. Bakin riga ko jelar rawani in ya shiga sarƙa ko sifok, ba ya tambayar ko kai gwani ne. Sandar kiwo kuma a ɗaure ta a tsawon babur, kada a gicciya ta.

Na biyar madubi biyu, da fitilar gaba, da jar fitilar baya mai kamawa in an taka birki. Hanyar da ta taso daga Ngawundare ta ratsa Garwa ta nufi Marwa da Kuseri ita manyan motocin Cadi ke bi dare da rana. Babur marar jar wuta a baya, direban tirela ba ya ganin sa sai ya iso kansa.

Abin da ba na so a yi: fasa salansa, tsawaita kariya, da ninka shokozoba tun ranar farko. Salansa mai ƙara tana firgita shanu, kuma kai makiyayi ka san abin da firgitacciyar saniya ke yi a kan hanya. Doguwar kariya kuwa gayyatar kaya ce. Jarka mai lita 25 in ruwa ne kilo 25 ce, in fetur ne ta haura kilo 18. Jarka shida ta fetur ta kai kusan nauyin babur ɗin kansa, kuma duk nauyin a baya yake, tayar gaba ta zama kamar ba ta taɓa ƙasa. Jarkar da ba ta cika ba ta fi haɗari, don abin ciki yana tangaɗi yana jan babur. Wannan aikin gwanaye ne, su ma muna jin labarinsu. Ɗan koyo ya fara da jikinsa kaɗai.

Wata shawara ga iyaye: kada a kai babur gareji a ce yaro ya zo ya ɗauka in an gama. Ya zauna a wurin. Ya riƙe sifana, ya wanke kafireta, ya ga yadda takalmin birki ke buɗewa. Wanda ya san abin da ke cikin wili ba zai yarda a cire masa waya ba. Kuma ranar da babur ya tsaya masa tsakanin Ngong da Lagdo, zai iya cire fulogi ya goge. A nemi bakanike mai nuna maka tsohon abin da ya cire, a kuma yi ciniki a kan aiki ɗaya-ɗaya.

In an gama gyara, a nemi fili, ko filin ƙwallo ko na idi. Mako na farko tashi da tsayawa kawai. A ja layi a ƙasa, ya taho a hankali ya tsaya a kan layin da birki biyu, sau ashirin, sau talatin, har hannu ya riƙa yi ba tare da tunani ba. A ajiye duwatsu biyu ya riƙa zagaya su dama da hagu. Wata na farko ba goyo, ba kaya, ba dare. Daga nan a koya masa ƙasarmu. A yashi a sassauta riƙon kai, a riƙe totur daidai, ido can gaba, birkin gaba kuwa a taɓa shi da lallashi. Baƙar laka ta karal, inda ake dasa masakwa, in ta jiƙe santsi take kamar sabulu kuma tana cushe tsakanin taya da murfinta, gara a sauka a tura. Mayo in ya kawo ruwa a jira, ruwan da ya kai gwiwa yana gudu ya fi ƙarfin babur. In an ratsa ruwa, birki ya jiƙe ba ya kamawa, a riƙa taɓa shi a hankali har ya bushe. In ya ga garke, ya rage gudu tun daga nesa, kada ya danna hon, kuma ya tuna inda saniya ta tsallaka ɗanta yana biye.

Hular kwano a sa ta cikin kuɗin gyara tun farko. Na san akwai zafi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa faɗin cewa hular da aka sa daidai aka ɗaure tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuwa da kusan kashi 70. Mai ɗori yana gyara ƙafa, amma babu mai ɗorin ƙwaƙwalwa. A sa takalmi rufaffe, a bar silifa. Kuma iyaye a sa ido a kan ƙwayar tiramol da ke yawo a tashoshin babura. Duk birkin da muka gyara, in kan mahayi ba daidai yake ba, aikin banza muka yi.

Wancan babur na gidanmu yana nan. Bayan shekara biyu ƙanen yaron ya tasa, muka sake tada shi, wannan karon ni na tsaya a kai. Muka bi layin nan da na faɗa muku. Kuɗi suka ƙare kafin a kai ga fenti, har yau tankin da tabon faɗuwar farko. Yaron ya yi fushi kwana biyu, ya ce abokansa za su yi masa dariya. Wansa ne, mai ɗingishin nan, ya kira shi gefe ya yi masa magana, ban san abin da ya ce masa ba. Yanzu shi ke kai nonon gidan Garwa kowace safiya, yana dawowa kafin azahar.

Saboda haka Malam, Alhaji, Ardo, in ka koma gida yau ka je wurin babur ɗin da ka ba ɗanka. Kama hannun birkin gaba ka ji. Duba tayar baya. In ka ga abin da na gani, kada ka yi shirun da na yi.

A nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya, ya albarkaci garke da kasuwa, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.